Cokali a Cikin Safa

Auta ta shiga shagon kayan waya da cokali a jaka. Ba mantuwa ba ce, da gangan ta ɗauko shi.

Aikinta amsa kira ne. Wani kamfanin kai kaya gida-gida ne ya ɗauke ta, yana turo mata kwastomomi ta waya, ita kuma tana falon gidansu gaban kwamfuta tana duba inda kayansu suka maƙale. Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, masu fushi ne kawai, wannan ya sauka wancan ya hau. A ɗakin da ke jikin falon kuwa Baba ne kwance, tsohon kafinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa baki da hannun dama tun bara. Hannun hagu ya rage masa, sai cokali. In ya buga ƙarfen gado sau ɗaya, ruwa yake so. Sau biyu, bayi. In kuwa ya yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, a yar da komai a rugo.

Da farko abin kunnen amsa kira da kamfani ya ba ta take sawa, mai toshe kunne biyu, da igiyarsa. Ran nan ta cire shi da azahar ta tarar da Baba a ƙasa, ya gaji da bugu ya yi ƙoƙarin sauka da kansa. Tun ranar ta jefa abin a kwali, ta koma maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, wuya a karkace. Aiki ya koma tafiyar hawainiya. Shugabar sashensu, wadda suke kira Mai Agogo saboda har daƙiƙa take ƙirga wa kowane kira, ta ce mata ta nemi mafita kafin wata ya mutu, ko a nemi wata.

Mafitar ke nan ta zo nema: abin kunne mara igiya, na kunne ɗaya, don hannuwa su yi aiki, ɗaya kunnen ya yi gadin Baba. Sai dai akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kamfani ba. Kunne ɗaya da rabi gare ta. Wani ciwo da ta yi tana ƙarama ya cinye rabin jin na hagu.

Mai shago, wani mai baki kamar an shafa zuma, ya fara da abin da ya fi tsada.

"Hajiya, ga naki. Kunne biyu. Kin sa wannan, ko tsawa aka yi a kanki ba za ki ji ba."

"Shi ya sa ba na so. Na kunne ɗaya na ce."

Ya taɓe baki ya jero mata guda uku. Akwai ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, da ta sunkuya sai ya faɗo. Akwai mai baka da ke bi ta saman kai, ya matse mata ɗankwali. Na ukun yana da maƙalli da ke zagaya bayan kunne, da ɗan sandan makirfo da ake juyawa, a sa dama ko hagu. Mai shago ya ce cajinsa na wuni, kuma ko ɗaki biyu ta yi nisa da waya ba zai yanke ba.

Ta haɗa shi da wayarta, ta kira Yaya, wanta, ta ce ya yi ta magana kar ya tsaya. Sannan ta zaro cokalin ta miƙa wa mai shago.

"Don Allah ka je bayan kantar can ka buga wannan a jikin ƙarfen ƙofa."

"In buga me?"

"Cokali."

"Ikon Allah! Shekarata goma sha biyu a sana'ar nan, yau ne aka fara sa ni kiɗa."

Amma ya je, don ciniki ba ya son girman kai. Ta sa abin a kunnen dama. Muryar Yaya ta fito tangaran. Ta jira, ta jira, sai ga mai shago ya leƙo.

"Ka buga kuwa?"

"Sau uku, Hajiya."

Ta juya sandan, ta mayar da abin kunnen hagu, ta ƙure ƙararsa. Yaya ya koma kamar mai magana daga cikin rijiya, ana ji amma sai an kasa kunne. Ƙwal! Cokalin ya shigo ta dama, sarai. Ta ce a naɗe mata shi.

Da yamma Yaya ya biyo ta gidan, ya ji yadda aka yi, ya hau faɗa a tsakiyar falo. Shi dama muryarsa ba ta san a hankali ba.

"Ke dai kunnen ƙashi gare ki! Da mataccen kunne za ki yi wa mutane aiki? Korar ki za su yi, wallahi, kuma a kan cokali!"

"Yaya, ka rage murya."

Ina! Sai da ya juye abin da ke cikinsa ya tafi. Mutane kan manta cewa wanda bakinsa ya mutu, kunnensa na nan daram. Katangar da ke tsakanin falon da ɗakin Baba kuwa bulo ɗaya ce.

Litinin aka fara. Hannuwa sun samu 'yanci, wuya ya miƙe, amma kowane kira sai ta ce, "Na'am? Ɗan maimaita min lambar." Wasu su maimaita, wasu su ja tsaki tukuna. Kafin la'asar kanta na sarawa. Kunnen dama na nan a buɗe, yana jin fanka, yana jin digar famfo a kicin, yana jin babur a titi. Cokali dai shiru.

Talata ma shiru. In ta samu sarari ta leƙa, sai ta ga Baba kwance yana kallon rufi. Ta ba shi ruwa ya shanye kofi tas, ta ƙara ya shanye. Ta ce a ranta ko sauƙi ne ya fara samuwa, har ta ji daɗi. Laraba Mai Agogo ta kira.

"Kiranki ya fi na kowa tsawo a sashen nan. Me ke faruwa ne?"

"Zan gyara, ranki ya daɗe."

"Kwana tara ya rage wata ya ƙare. Ni dai na faɗa miki."

Ranar Alhamis kira ya yi ta shigowa ba hutu tun safe, sai wajen sha biyu da rabi ta samu ta tashi. Tun daga bakin ƙofar ɗakin Baba ta ji warin fitsari. Zanin gado ya jiƙe sharkaf, har ya fara bushewa ta gefe, alamar an jima. Leɓen Baba ya bushe. Da ya gan ta sai ya juya fuska bango, shi da ko rigarsa ba ya yarda a ga datti a jiki lokacin da yake da lafiya.

Ta kawo ruwa da tawul, ta mirgina shi a hankali, ta fara janye zanin. Nan wani abu ya faɗo daga ƙarƙashin filo, bai yi ƙara ba. Safarsa ce, baƙa, mai kauri, an cusa cokalin a ciki an ninka biyu, an ɗaure bakin da igiyar wando. Ɗauri ne mai kyau, na kafinta. Da hannu ɗaya da haƙori ya yi shi, Allah kaɗai ya san awa nawa ya ɗauka.

Ta juya safar. Daidai kan cokalin zaren ya cinye, ga jan tsatsar ƙarfen gado ya kama wurin. Ashe bai daina bugawa ba. Hannun ya saba, in buƙata ta matsa sai ya buga da kansa, shi ne ya toshe wa cokalin baki don kar ta ji.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, tausayi kuma ya cika ta, ta rasa wanda za ta fara da shi. Faɗan ya riga fita.

"Haba Baba! Kunnen kirki guda ɗaya gare ni a duniya. Na hana masu biya na albashi, na ajiye maka shi, kwana huɗu yana zaune ba aikin yi! Wa ya ce ka yi min haka?"

Bai juyo ba. Hawaye dai ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

Sai abin kunnen ya yi ƙara, kira ya shigo. Ta danna maɓallin da bayan hannu, ta gyara murya irin ta aiki, ta yi sallama. Wata mata ce, injin markaɗenta bai iso ba kwana shida.

"Ki ɗan ɗaga murya, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Kunnena na wannan gefen ba ya ji sosai."

Ba ta taɓa faɗin haka a bakin aiki ba, kuma ta san ana naɗar kowane kira, Mai Agogo za ta ji. Matar na zuba bayani, ita tana shimfiɗa sabon zani, tana gyara filo. Ta sa farce ta kwance ɗaurin da ƙyar, ta zare cokalin, ta sa masa a tafin hagu ta naɗe yatsunsa a kai. Ta tafi da safar.

Ta koma falo ta zauna, ta sa matar ta maimaita lambar kayan sau biyu. Tana tsakiyar bugawa a kwamfuta, ta ji shi ta dama.

Ƙwal.

Sau ɗaya. A kusurwar allon kwamfuta daƙiƙun kiran na ta hawa, sun riga sun wuce ƙa'ida.

"Ki ɗan dakata min," ta ce wa matar. Ta tashi ta ɗauko kofi.