Shafin da Aka Manne

Maman Lawali mutum ne mai faɗa a kan gam. Shekara goma sha tara yana sa wa mutane hotuna da takardu a gilashi, a wani ƙuntataccen shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuma duk wanda ya kawo tsohuwar takarda ya ce a manna ta a kwali sai ya sha wa'azi kafin ya fita. Takarda fuska biyu gare ta, in ji shi, wanda ya manne ɗaya ya kashe rabinta. Gilashi gaba, gilashi baya, shi ne aikin mutanen kirki. Wannan taurin kan ne ya sa Nayef ya riƙe shi.

Nayef shi ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a kan takardun zama, shi ne mai shagon, kuma yana da wata cuta irin ta masu hali, wato tara tsofaffin jaridu. Ba kowace jarida ba kuwa, sai waɗanda ƙungiyoyin yaƙi da cinikin bayi suka riƙa bugawa a ƙasashen Turawa, a cikinsu ma sai wadda ta ɗauko babban labarin yaƙi a shafin farko: faɗuwar birni, ko ranar ajiye makamai. Bayin kansu ba su taɓa damunsa ba. Ba mugu ba ne, shi dai ranakun yake tarawa, yana jera su a bangon majalisinsa, inda yake karɓar baƙi, a unguwar Bagdadiyya ta Jidda.

Ranar Talata ya shigo da wata a cikin leda. Falle ɗaya ce, ta Faransanci, ta shekarar 1925, lokacin da yaƙi ya kewaye Jidda wata da watanni, yunwa na cin mutane a cikin ganuwa. Ya ce shekara shida yana farautarta, kuma a gama kafin Alhamis domin yana da baƙi. Shi ko kalma ɗaya ta Faransanci bai sani ba. Maman Lawali kuwa ya yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, a Damagaram.

Shekarar ce ta fara taɓa shi, domin a gidansu kowa ya san ta. Kakansa Alhaji Badaru, majemi daga Mirriya, ya tafi hajji a ƙafa tare da 'yarsa Fatsuma, suka yi shekara huɗu a hanya. Ya koma gida shi kaɗai. Ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke yarinyar a Jidda a lokacin yaƙin, shi da hannunsa ya binne ta. Daga baya ya sake aure, ya haifi Mariam, uwar Maman Lawali. Zuri'ar gaba ɗaya da sunan Alhajin take tinƙaho, har Maman Lawali ya sa wa ɗansa na fari sunan.

Ranar da zai baro gida, abu ɗaya uwarsa ta roƙe shi: ya nemo mata yayarta. Tun daga nan kowace Juma'a sai ta tambaya a waya. Ya zaga maƙabartu, ya zauna da tsofaffin Hausawan Bab Makka ya sha shayinsu har ya gaji. Amma a ƙasar da ba a rubuta suna a kan kabari, ina mutum zai fara? Yanzu tsohuwar ta haura tamanin, tana kwance, ba ta iya juya kanta. Babu abin da yake so a duniya kamar ya ba ta amsa kafin ta cika.

Da Nayef ya fita, Maman Lawali ya kifa jaridar a kan tebur don ya share ƙurar bayanta. Rubutun bayan ƙanana ne, sai da ya sa tabarau. Wasiƙa ce daga Jidda, a kan wasu bayi da suka yi amfani da ruɗanin yaƙi suka gudu gidan wani jakadan Turawa. An jero su ɗaya bayan ɗaya. Ta uku yarinya ce 'yar kimanin sha uku, sunanta Fatsuma, daga Mirriya ta ƙasar Damagaram, 'yar wani majemi mai suna Badaru. Marubucin ya ce uban ne da kansa ya kai ta wurin dillali a kasuwa, don ya sami kuɗin jirgin da zai ƙetare da shi. Da aka tambaye ta ko a nemo mata ubanta, ta ce ba ta da uba.

Akwai sauran layi shida ko bakwai a ƙasa, duk a kan yarinyar. Maman Lawali ya ɗora tafin hannunsa a kansu.

Ya daɗe a haka. Kunya ce ta fara zuwa, sai fushi, sai tsoro, kuma tsoron ne ya zauna. Ya ga uwarsa a kan tabarma tana jin wannan magana, matar da kullum ke rufe addu'arta da sunan mahaifinta. Ya ga takardar a bangon Nayef, gilashi gaba da baya, kowane baƙo mai jin Faransanci ya juya ta ya karanta asirin gidansu yana cin dabino. Bai so ya san sauran ba. Abin da ya karanta ma ya fi ƙarfinsa.

Ya tashi ya ɗauko gwangwanin gam da yake haɗa katako da shi, irin wanda in ya kama ba ya saki. Ya shafa wa kwali lungu-lungu, ya kwantar da jaridar a kai, labarin yaƙi a sama, ya danne da gilashi mai kauri. Takardar da ta shekara ɗari ba ta gardama da gam. Kafin la'asar ta zama abu ɗaya da kwalin.

Ranar Alhamis Nayef ya juya aikin, ya ga kwali, ya yi dariya ya tambayi ina wa'azin ya tafi. Maman Lawali ya ce takardar ce ta yi laushi da yawa, babu komai a bayan sai tallace-tallace. Nayef ya ce halas, wato shi ke nan, ya rungumi abinsa ya tafi.

Bayan sallar Juma'a Maman Lawali ya kira gida. Ƙanwarsa Uwani ta kara wa tsohuwar wayar a kunne. Ya riga ya shirya abin da zai faɗa, kuma a ganinsa kyauta ce zai yi mata. Ya ce an dace, wani tsoho ya nuna masa kabarin, ya tsaya a kai ya yi addu'a.

Uwarsa ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, Babba take ce masa.

"Babba, kabarin wa ka tsaya a kai?"

"Na Fatsuma, Inna."

"Ba ta mutu a hannunsa ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sayar da ita ya yi. Ni ya gaya wa, kwana biyu kafin ya rasu, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Shi ya sa ban taɓa ce maka kabari ba. Cewa na yi ka nemo mini ita."

Ta ci gaba.

"Na ce ko ta yi aure, ko ta bar 'ya'ya a garin nan, in nemi gafararsu kafin in tafi. Ka bar zancen tsohon nan, ƙarya ya yi maka. Ka ci gaba da nema. Ko inda aka kai ta ne kawai, ka samo mini. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

"To, sai Juma'a," ta ce, "in na kai."