Tsagar Kitso a Kan Zinariya

Wata bakwai na yi a labo, ɗakin bincikenmu na Lyon, ina dasa zaren DNA a kan ɗan farantin zinariya da bai kai farcena ba. A baki aikin ba wuya: kowane zare ya kafa gindinsa a zinariyar, ya miƙe tsaye, ya rungumi abokinsa idan na zubo shi. Nawa sun kafu, amma sun ƙi rungumar kowa. Ni da nake kuka a kan littattafan soyayya, sai ga ni ina yi wa zare kuka. Ran Juma'a zan tsaya gaban malamai uku a Paris. In na je hannu biyu, a rufe binciken, in koma Damagaram.

Ran Asabar na shiga unguwar Guillotière wurin Tanti Balkisa mai kitso, 'yar Maraɗi, don in huta da tunani.

"Ƙanana nake so, Tanti, masu yawa. Ki cika kan."

"Ji min dokta! Raliatou, kanki na ko gonar hatsi?" Ta dungure ni da matsefi. "In na cunkushe su, ta ina mèshi, gashin ƙarin nan, za ya shiga? Ko yatsana ba ya samun wuri. Kowane kitso sai da tsagarshi, ɗiyata."

Sai farantina ya faɗo min a rai. Duk watannin nan gishiri nake ƙarawa a ruwan, don zarurrukan su daina ture juna su zauna dab da dab. Na ɗauka yawa shi ne kyau. Ashe na cika farantin har abokin da zai shigo ya rasa hanya.

Na miƙe da rabin kai a tsefe.

"Ke! Haka za ki hau tram? Kada ki ce ni na yi miki!"

Na rage gishirin. Ran Laraba layin da ke nuna rungumar zarurrukan a allon na'ura, wanda ya yi wata bakwai a kwance, ya ɗaga kai. Ran Juma'a malaman suka ce in ci gaba.

Daga bakin titi na kira Tanti a waya, kuka ya hana ni magana.

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Tanti. Godiya nake."

"To, yi ta maza-maza, da kan mutane a hannuna."