Tsawon Yatsa Biyu

Shekara tara Dakta tana koya wa ɗalibai yadda ake tsara lambu ya shanye ruwan sama, maimakon ruwan ya malale a titi. Da jami'a ta ba ta filin gaban ɗakin karatu, sai ta zana lambu mai ɗan zurfi, aka yanka masa baki na siminti a gefen titi don ruwa ya gangara ciki. Hoton lambun nan ne a saman takardunta na neman zama farfesa.

Ranar da aka fara sheƙa ruwa na gaske kuwa, ruwan ya zo bakin lambun, ko leƙawa bai yi ba, ya wuce abinsa ɗakin karatu. Littattafan kantar ƙasa suka jiƙe sharkaf.

Kwamitin bincike ya ɗora wa Baba mai kula da lambu laifin, wai bai share ganye ba ne hanya ta toshe. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce in an kuma ya kama gabansa. Dakta tana zaune a wurin, ta ƙura wa bironta ido.

Washegari da safe ta je da ma'auni, ta tsuguna ta auna. Ashe bakin lambun ya ɗara titin tudu da yatsa biyu. Ta buɗe zanenta, haka ta rubuta, ga sa hannunta raɗau a ƙasa. To, ruwa zai hau tudu ne don ita Dakta ce? Kunya ta lulluɓe ta, ji take kamar ta nutse a wurin.

"Sannu da aiki, Dakta." Baba ne tsaye a bayanta, riƙe da guduma.

"Baba, dama ka san da wannan?"

"Tun ranar da simintin ya bushe. Bokiti ɗaya na zuba, ya dawo mini ƙafa."

"To me ya hana ka faɗa a kwamiti?"

"Haba, 'yata. A gaban mutane? Ke da kike koyar da abin?" Ya naɗe hannun riga. "Ɗan matsa in fasa kafin ɗalibanki su iso."

Ta matsa. Ofishin shugaban kwamitin yana nan tsallaken titi, ƙofa a buɗe, bai kai taku hamsin ba. Har Baba ya gama fasawa, ya kwashe ɓaraguzan, ya share wurin tsaf, tana tsaye rungume da zanenta ba ta tsallaka ba.