Murhun Inna Hure

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ba hatsi kaɗai aka rasa a ƙauyukan bayan Minjibir ba, har da abin hura wuta. Ƙasar nan gona ce manne da gona, babu dajin da mutum zai shiga ya yi itace. Da kara ake girki, karan kuwa bai yi ba. Mata suka koma tsintar kashin shanu da tushiyar dawa, maza suka fara yi wa itatuwan gona wani irin kallo.

Irin kallon nan Barira ta kama mijinta Nababa yana yi wa ɗorawar bayan gida. Da kalwarta take yin daddawar da ta riƙe gidan, garinta kuma yara ke lasa su sha ruwa su manta da yunwa har azahar.

"Kada ma ka fara," in ji ta.

"To da me za ki dafa tuwo? Da yatsunki?"

Ta ce ya ba ta zuwa tsayuwar wata. A gidan gwaggonta a Minjibir ta ga wata malamar ajin manya tana koya wa mata gina murhun laka, mai rufe wuta ta ko'ina, wanda kara kaɗan ke tafasa tukunya a kansa. Nababa ya ce ya ji. In ya ga murhun yana aiki da idonsa, gatari ya koma ƙarƙashin gado. In bai gani ba, ɗorawa ta sha ƙasa.

Ginin ba na mutum ɗaya ba ne, sai an yi gayya. Barira ta tara matan unguwa a tsakar gidanta, ta yi yadda ta ga malamar nan na yi: kafin a taɓa ƙasa a zauna, bayan an gama ma a zauna. Ta kife tukunya, ta zagaye ta da tsinke, ta nuna inda bakin wuta zai kalla. Sannan ta tambayi kowa abin da za ta iya kawowa. Wannan ta ce ƙasar suri, waccan ta ce kashin jaki, wata ta ce ƙaiƙayi.

Sauda, maƙwabciyarta, wadda bakinta ba ya hutawa sai in ta yi barci, ta ce, "Mu da muke yaɓe tun ba mu iya ɗaura zane ba, yau mu ake zaunar wa kamar 'yan aji ɗaya? A tashi a kwaɓa ƙasa, Malama."

Aka yi dariya, sunan kuma ya bi Barira daga ranar. Ta raba su ƙungiya-ƙungiya don aikin ya yi sauri, ta sa gidanta a ƙarshe saboda kawaici. An daɗe ba a ga raha irin ta kwanakin nan ba. Mata suna taka laka suna waƙa, tsofaffi na gefe suna kushe aikin suna kuma sa hannu. Barira takan leƙa kowane gida, ta gyara bakin murhu, ta ce a bar shi ya bushe, ta ruga gida wajen tukunyar kalwarta.

Da la'asar sai a zauna. Barira ta ce, "To, yaya murhu?"

"Lafiya lau."

"Babu wata matsala?"

"Alhamdu lillahi."

Mutanenmu ke nan. Ko rufin ɗaki ne ya faɗo wa mutum a ka, ka tambaye shi, zai ce maka lafiya lau daga ƙarƙashin azara. Barira ta yi ta jin daɗi, har ranar da Nababa ya dawo daga masallaci ya ɗauko gatari ya hau wasa shi. Ya ce maza sun faɗa masa murahun duk sun tsage, mata sun koma kan duwatsunsu uku.

Barira ta tashi nan take. Ta shiga gidan Sauda da sunan aron rariya, ta tarar an lulluɓe sabon murhu da tsohuwar tabarma. Ta ɗaga gefe, sai ga tsaga wadda hannu zai shiga. Ta mayar da tabarmar. Ranta ya ɓaci, amma ta san dalilin shirun: wa za ta buɗe baki a gaban matan da suka ɓata wuni suna yi mata aiki ta ce aikinsu ya lalace? Tambayar ce ba ta da amsa sai lafiya lau. Abin da ba ta sani ba kuma shi ne me ya fasa su, ga wata ya kusa tsayawa.

A zaman da ya biyo baya ba ta ambaci murhu ba. Ta ce, "Ni fa kun cuce ni. Kullum ina tafiya kafin a ci abincin gayya. Ku faɗa mini, me kuka ci a gidan wa?"

Nan take bakuna suka buɗe. Aka ce faten Rukayya ya fi ruwan rijiya tsinkewa. Rukayya ta ce ai gara nata, ɗanwaken Sauda in aka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Sauda ta ce amma dai an cinye har da suɗe kwano. Barira ta bar su suka yi dariya ta ishe su, sannan ta ce, "A kan me kuka dafa?"

"A sabon murhu mana," in ji Sauda. "Mutane su gina miki abu, ki juya masa baya ki dafa musu a tsoho? Ai raini ne."

"A ranar?"

"A ranar. Da samansa ya sha iska."

Kowa ta gyaɗa kai. Barira ta gane abin da ya fasa murahun, amma ta riƙe. In ita ta faɗa, za a ce mata to, a tashi. Sai ta juya wajen waɗanda suka yi aiki a gidan Inna Hure, tsohuwar da mijinta ya rasu, ɗanta kuma ya tafi cin rani birni. "Ku fa, me kuka ci?"

Matan suka hau gyaran mayafi. Inna Hure ce ta ɗago kai.

"Ku daina rufa mini asiri, 'ya'yan nan. Ruwa na ba su, Barira. Ba ni da ko tsabar da zan jiƙa. Suka sha, suka yi mini godiya kamar na yanka musu kaza. Ban hura wuta a gidan ba sai shekaranjiya, da yaron ya aiko da dawa."

Barira ta ji kunya ta rufe ta, don ba ta yi nufin tona wannan ba. A hankali ta ce, "Inna, murhun fa?"

"Yana nan. Kara ɗan wannan na sa," ta nuna da tafin hannu, "kunu ya tafasa."

"Bai tsage ba?" Sauda ce ta yi tambayar, kuma da ita ta tona kanta.

Duk suka ɗunguma gidan tsohuwar. Murhun na nan garau, ya bushe ƙamas, an ƙwanƙwasa shi yana amsawa. Sauda ta durƙusa ta shafa shi, ta daɗe, sannan ta tuntsire da dariya.

"Wato mu ɗanye muka cinna wa wuta. Karamcinmu ne ya fasa mana murhu. Nawa tsagarsa ɗan akuya zai shige."

"Nawa gida biyu ya rabu," in ji Rukayya.

Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta faɗin tsagar nasu, har da gasa. A tsaye a wurin suka yanke yadda za a sake: duk mai zuwa gayya ta taho da ɗan abin da take da shi a bakin zane, a dafa a tsohon murhu, sabon kuma ba mai kusantar sa da wuta sai Inna Hure ta ƙwanƙwasa ta ce ya yi.

Washegari Barira ta sa Nababa ya je gaida tsohuwar. Ya tsuguna ya ga kara ɗan kaɗan ya tafasa tukunya. Ya miƙe ya tafi abinsa, halin maza. Amma da yamma aka gan shi da gatarin nan yana sarar suri, yana loda wa jaki ƙasa, ɗorawa na tsaye a bayansa.

Ran da wata ya tsaya, Inna Hure ta aika a kira mata matan nan duka. Ta tuƙa tuwo da dawar ɗanta, miyar kuka ta ji daddawar Barira. Suka ce haba Inna, ki bar wa kanki, suka fara neman hanyar zamewa. Ta tare ƙofa da muciya a hannu, idonta ya cika da ƙwalla, bakinta kuma dariya.

"Rannan ruwa kuka sha," in ji ta. "Yau ku zauna."