Hagun Jalo

Shekarar da aka fara gina gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi da ake kira Lokos, babu maginin da ya zauna babu aiki a Gombe, sai Jalo mai filasta. Gwiwar hannunsa na dama ce ta kama ciwo, ko buta ya ɗaga sai ya ji kamar an soka masa allura. Yuguda ɗan kwangila kuwa bai ɓoye masa ba: in bai dawo aiki ba, wani zai sa.

Wanzami ya yi masa ƙaho, jini ya fita, ciwo ya zauna. Maɗori ya lalube hannun, ya ce babu karaya, a riƙa gasawa da ruwan zafi. Gashin da daɗi, amma da ya riƙe cokalin gini sai zafin ya dawo. Daga nan ya je wurin Alfred disfensa, wanda ya ɗaure masa hannun da bandeji, ƙasa da gwiwar kaɗan.

"Wannan zai rage zafi," in ji Alfred. "Amma maganin gaske hutu ne. Ka bar hannun ya huta, babu ruwanka da tiyata."

"Hutu? Ka je ka gaya wa Yuguda."

Ya koma gida a unguwar Dawaki. Goggonsa Hadijatu, wadda ta raine shi, tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta ji labari sai ta yi dariya.

"Hannu ɗaya Allah ya ba ka? Kai da aka haifa bahago! Ni na yi ta bugun hannun nan da muciya har ka daina."

"Goggo, ashe ke kika cuce ni?"

"Tuwo na hana ka ci da shi, ja'iri, ban hana ka aiki ba."

Da safe ya koma wurin gini, dama a ɗaure, cokali a hagu. Watsin farko rabin simintin a ƙafarsa ya zube, magina suka kwashe da dariya. Ya sake ɗiba. Kafin azahar hannun ya fara tuno abin da aka hana shi.

Yuguda ya zo ya shafa bangon, ya karkata kai.

"Akwai ɗan tudu nan."

"Zan gyara, Alhaji."

"Gyara. In ka gama, ɗaki na gaba ma naka ne."