Makulli a Wuyan Malam Yacuba

"Mama Ruta, ki duba wuyansa. Akwai baƙar igiya, makullin na jikinta. Ki cire ki buɗe mana kwaɗon ƙofa."

Na manna kunne a jikin ƙarfen ƙofar, wanda tun hantsi ya ɗau zafi.

"Ba ni taɓa shi," ta ce daga ciki. "Yacuba ya ce wanga makulli ba nawa ba ne."

"To ki tambaye shi mana."

"Na tambaye shi. Yana kwance ƙasa yana kallona, ya ƙi magana."

Yakob ne sunansa na yanka, mu muka maida shi Yacuba. Anasara ne daga ƙasar Suwis, shi da matarsa. Tun ina karen mota misyon ta kawo su Gaya, har na zama direba, na sha hanya daga Kwatano zuwa Agadas, na gaji na dawo tasha ina haɗa masu kaya da masu kamyon, manyan motocin ɗaukar kaya, suna nan jikin gidana. Shi yana gyaran famfunan ƙauye, Tanda yau, Yelu gobe, ran Lahadi ya tara ƴan Benin ɗinsa su yi waƙoƙinsu. Ita kuwa rabin gyambon unguwarmu ita ta wanke shi. Ya gwada ja na zuwa addininsa, ni ma na gwada shi, muka ga ba riba, muka koma shan shayi.

Sai mantuwa ta kama ta. Da farko gishiri take zubawa a shayi. Daga baya aka tsince ta bakin kogi ba takalmi, tana neman shiga jirgin masu tsallaka kaya zuwa Malanbil. Daga ranar ya sayi ƙaton kwaɗo, yana kulle ƙofa ta ciki, ya rataya makullin a wuya. Kullum da safe zan ji su ta katanga: ya karanta mata littafinsu gindin lemo, ya taje mata kai, sannan ya maimaita mata kamar mai koya wa yaro karatu, "Wannan makulli na Yacuba ne. Ruta ba ta taɓa shi." Komi ta manta, har sunayen ƴaƴanta. Wannan kaɗai ya zauna.

Ya kuma roƙe ni kada manyansu na Yamai su ji. "Cha'ibu, in sun ji za su maida mu gida, su kai ta gidan tsofaffi. Can wa zai ce mata ina kwana?"

To ran nan ban ji karatu ba. Muryarta kawai na ji tana kiran sunansa, kira ɗaya bayan ɗaya, shi ya fito da ni.

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Saman katangar wayar reza ce, misyon ta sa musu tun da aka fara satar anasara a ƙasar. Lawali mai walda ya iso da guduma a kafaɗa.

"Ina injin yanka?" na ce.

"Da wace wuta, Baba? Tun jiya ba su kawo ba. Matsa ka gani."

Ya ɗaga, ya sauke wa ƙofar. Ƙarar ta kai bakin kasuwa. Daga ciki Mama Ruta ta ƙwalla ihu da yarensu, muka ji gudun ƙafarta ya yi bayan gida. Na san abin da ke bayan gidan: rijiya ce mai gajeren baki, murfinta kwano.

Na riƙe hannun Lawali. Na waiwaya, sai ga ƴan kabu-kabu sun ɗaga salula suna ɗaukarmu.

"Kai, ku sauke abin nan, don ubanku! Lawali, ka ƙara bugu ɗaya, tsohuwar nan ta faɗa rijiya. Kafin azahar kuma hotonmu ya kai Yamai, ga mutanen Gaya da guduma a ƙofar Kirista. Wa zai tsaya ya ji ceto muka zo?"

"To mu zuba ido ya mutu?"

Na saki hannunsa. Na kira Sadiya mai ƙosai, wadda Mama Ruta ta saba da muryarta. "Zauna nan. Ki kira ta, ki yi mata hira, ko ta me. Kada ki bari ta bar bakin ƙofa." Na ja Lawali muka shiga gidana.

Gefe uku na gidan misyon siminti ne. Na huɗun tsohuwar katangar laka ce da ba su taɓa ba, don ita ce bayan ɗakin matata Hasana. Na taɓa kwana a wani masauki a Paraku, ɓarayi suka kwashe mini kaya ta bango ina barci, ko tari ban ji ba. Ruwa suka yi ta zuba wa lakar har ta yi laushi, suka ƙwaƙule ta.

Hasana ta dube ni, ta dubi gatarin da na ɗauko.

"Ɗakina za ka fasa, Malam?"

"Naki."

"Kai dai duk wata dabarar ɓarawo ka san ta." Tana faɗa tana janye gado. "Lawali, ɗauke mini kwanonin nan, in ka fasa ɗaya kai da ni ne."

Ta riƙa zubo ruwa daga randa, muna jira ya shiga, muna kankarewa. Lakar da ce, da tattaka aka kwaɓa ta, ba ta san wasa ba. Ruwan randa ya ƙare, aka shiga karɓowa daga maƙwabta. Ta sama muna jin Sadiya tana cewa, "Mama, yau ƙosai nawa za ki ci? Mama, kina ji na?" Wani lokaci amsa ta zo. Wani lokaci shiru, sai mu ma mu tsaya da gatari a hannu, har sai mun ji muryar tsohuwar.

Lawali ya share zufa. "Baba, da guduma ce da tuni mun shiga."

"Haƙa."

"Gaskiya na faɗa."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Kowane bokiti da muka jira ya jiƙa, daga numfashin mutumin da ke kwance can muke cirewa. Na yi wa kaya da yawa ciniki a rayuwata, ban taɓa yin wanda ya yi mini nauyin wannan ba: shi ko ita. Abin da na riƙe kawai shi ne, da za a tambaye shi, na san wanda zai zaɓa.

Bakin gatarin ya zurma. Haske ya shigo kamar tafin hannu. Muka faɗaɗa shi da hannu, har ya isa mutum ya rarrafa. Na durƙusa zan shiga, Hasana ta fizgo rigata.

"Ina za ka? Ta ga ƙaton namiji ya fito daga bango duk laka, ai ƙarasa ta za ka yi. Kauce."

Ta ɗaure zane, ta kwanta da ciki, da ciwon gwiwarta da komi, ta shige. Na ji tana cewa, "Salamu alaikum, Mama, ina kwana? Wuta na zo ɗiba," kamar kullum ta nan take bi. Jim kaɗan ta ciro makullin daga wuyansa, kwaɗon ya yi ƙara.

Na zagaya da gudu. Yana kwance gindin lemon, bokitin ban ruwa ya kife kusa da shi, ƙasar ma ta bushe. Rabin fuskarsa ya zube. Rana ta riga ta cim masa, amma an ɗora masa hularsa a goshi, a karkace, aikin Mama Ruta. Idonsa biyu.

"Malam Yacuba, ni ne Cha'ibu. Ga mota nan tafe, likita za mu."

Mutane suka cika gidan, kowa da shawararsa. Wani ya ce a ba shi ruwa, wani ya ce kada a ba shi. Muka tallabe shi ni da Lawali. Hannunsa mai rai ya damƙi wuyan rigata, bakinsa yana motsi. Na sunkuya.

"Ƙofa," ya ce.

"Mun buɗe ta, kwantar da hankalinka."

Ya ƙara damƙa. "Rufe."

Na ɗaga kai. Ƙofar a wangale, ganye biyu, mutane na shiga suna fita, ana ƙoƙarin shigo da mota da baya. Na daka tsawa a rufe. Da na maido ido kansa, hannun ya saki rigata.

Ban san abin da Kirista suke faɗa wa mamacinsu ba. Na faɗi namu, na shafe masa ido. Har ƴan kabu-kabun suka cire hula.

Sadiya ce ta ce, "Ina Mama?"

Ba wanda ya gan ta. Ba ta ɗaki, ba ta makewayi. Na tura masu babur bakin kogi, wasu hanyar gada, wasu kasuwa. Ni kuwa ƙafafuna suka kai ni bayan gida. Murfin rijiyar a goce yake. Na kama bakinta na leƙa, na daɗe kafin idona ya saba da duhun. Ruwan a kwance yake, ba abin da ke ciki sai kaina da sama.

Ina dawowa na ga takalmi ƙafa ɗaya a bakin ramin da muka haƙa. Na durƙusa na leƙa.

Tana zaune a tabarmar Hasana, gwiwoyinta da farin gashinta duk laka. Hasana na gefenta, ta ɗora yatsa a baki tana kallona. Ta ba ta faifan shinkafar da za mu ci da rana. Mama Ruta ta sunkuyar da kai, tana ture ƙwayoyin da ɗan yatsa, tana tsince tsakuwa tana tarawa a gefen tabarma.