Bangon Ajinmu Ya Sha Ruwa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni koyarwa ƙauyenmu, can bayan Gazara. Makaranta ce a suna kawai. Inuwar tsamiya ce da baƙin allo ɗaya, sai ni Uwaisu, ni ne hedimasta, ni ne malami, ni ne kuma mai kaɗa ƙararrawa. Kafin iyaye su ba ni 'ya'yansu na sha zarya gida-gida har takalmina ya tsinke. Da aka fara maganar damina, dattawa suka ce ba za su bar yara a gindin itace ba. Ko a sami ɗaki, ko kowa ya janye nasa.

Aka yi gayya aka buga tubali. Mata kuma suka tara ɓawon ɗorawa, wanda ake jiƙawa a yi makuba, a cuɗa da ƙasar yaɓe don kada ruwan sama ya ci bango. Kowace ta ba da abin da ta tanada domin ɗakinta. Magini kuwa ni na zaɓo shi, abokina Lado. Tare aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya a kai. Baba Mamuda, babba a cikin dattawan, ya ce hannun Lado yana da kyau amma idonsa bai cika ƙoshi ba. Na miƙe gaban jama'a na ce in Lado ya ci amana, to ni na ci. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Lokacin hutu aka kira mu kwas Zariya. Na dawo na tarar da ɗaki ya tsaya, bangonsa jawur gwanin sha'awa.

Darasin farko da na shirya a sabon aji shi ne abubuwan da ke shan ruwa da waɗanda ba sa sha. Na ce kowa ya zo da wani abu daga gida. Aka tara mini auduga, tsumma, soso, ganyen gwaza, guntun kwalba, tsingaron tukunya da sakaina. Kafin mu zuba wa abu ruwa sai in ce su yi canka tukuna. Duka suka rantse tsingaro ba zai sha ba tunda yana da tauri, da ya tsotse ɗigon kuwa aji ya kaure da surutu. Ganyen gwaza ya fi ba su dariya, ruwa yana birgima a kai ya kasa zama. Auduga kuwa, na sa su ɗaga busasshiya su ɗaga jiƙaƙƙiya, su ji bambancin nauyi da hannunsu.

Da na tsaya nan da na kwana lafiya. Amma alfahari ya ja ni. Na fito da su waje na ce, “Yanzu ku ga aikin iyayenku mata. Wannan ƙasa ce, amma ba za ta sha ba, saboda makuba.”

Na cika ludayi na watsa wa bango. Ya shanye tas kamar jakin da ya wuni a rana. Na sake watsawa, ya sake shanyewa. Na goga yatsa, jar ƙasa ta biyo ni, a ƙarƙashi kuwa yaɓe ne na banza wanda ko ƙanshin makuba bai ji ba.

Rahmatu, 'yar Lado, ta ɗaga hannu yadda na koya musu. Ta ce, “Malam, bangon ɗakin babana ba ya sha. Tun da ya yi masa sabon yaɓe, in mun watsa ruwa gangarowa yake.”

Yarinyar murna take yi ta kawo misali mai kyau. Ni kuwa nan take na gane inda makubar mata ta tafi.

Yara ba sa riƙe magana, kafin azahar zance ya gama gari. Na sami Lado a zaurensa. Bai yi musu ba. Ya ce, “Ɗakina ya tsage, Uwaisu, da iyali a ciki. Ajin boko kuwa ba kwana ake yi a cikinsa ba. Na ce in ɗorawa ta zo baɗi sai in gyara.”

Raina ya ɓaci matuƙa, amma wallahi wannan da zan iya yafewa. Na ce, “Ka faɗa wa dattawa haka gobe, kuma ka faɗa musu ban sani ba. Iyakar abin da nake roƙonka ke nan.”

Ya kama hannuna ya ce, “Haba, sai ka roƙe ni?”

Washegari bayan la'asar aka taru ƙofar gidan mai gari. Lado ya amsa laifinsa da murya mai taushi, har wasu suka fara tausaya masa. Baba Mamuda ya ce, “Mun ji. Abu ɗaya ya rage, Lado. Malam ya san da wannan?”

Lado ya dubi ƙasa, ya ɗan yi wasa da carbinsa, sannan ya ce, “Baba, kowa ya san yadda muke. Ni da Malam ba mu taɓa ɓoye wa juna komai ba.”

Na tashi zan yi magana, na yi rantsuwa, na maimaita. Amma wa zai saurari mutumin da ya riga ya yanke wa kansa hukunci a bainar jama'a? Lado magini ne, duk mai ɗakin da ya tsage yana bukatarsa kafin ruwa ya sauka. Ni kuwa dama da ƙyar aka karɓe ni. Baba Mamuda bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi kowa ya san abin da zai yi da ɗansa.

Ran Litinin na share aji na kaɗa ƙararrawa. Na jima ina kallon hanya. Yaran da na saba gani da gudu sun bi iyayensu sharar gona. Can sai ga yarinya ɗaya tafe, an yi mata wanka an shafe ta da mai. Rahmatu ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Malam, babana ya ce in zo, wai kada ka zauna kai kaɗai.”

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba. Na so in ce ta koma, amma ita me ta yi? Hadari yana haɗowa daga gabas, saboda haka na zaunar da ita tsakiyar ɗaki, nesa da bango. Na ɗauki alli na juya mata baya, don kada ta ga fuskata.